Shin gaskiya ne kusan dukkan burauza inji ɗaya ne a cikinsu, kuma ya kamata hakan ya dame mu?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina fata waɗanda suka riga mu shiga wannan fage za su warware mini ita. Shekaru da dama ke nan ina amfani da Firefox, ba don na san wani abu na musamman game da ita ba, sai don ita na tarar a kan kwamfutar da na fara koyon aiki da ita, hannuna kuma ya saba. A kwanakin baya na shiga wani shafi domin cike wata takarda, sai shafin ya ƙi karɓar abin da na rubuta, ya nuna mini saƙon cewa in sake gwadawa da wata burauzar. Na gwada da Edge aiki ya tafi daidai, na sake gwadawa da Opera da Brave domin in tabbatar, su ma haka. Da na ba wani abokina labari, sai ya ce mini ai waɗannan ukun abu ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta, domin injin da ke cikinsu shi ne na Chrome.

Abin da nake so in sani shi ne, idan maganarsa gaskiya ce, yaya aka yi aka zo nan? Ni mutum ne mai son karanta tarihi, shi ya sa na kasa yanke wa kaina hukunci. Wani lokaci sai in ga abin ya yi kama da yadda babbar daula take haɗiye ƙananan maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci kuma sai in ga ya fi kama da yadda ƙasashen duniya suka amince da mita da kilo a matsayin ma'auni, wanda alheri ne ga kowa. Wanne ne ya fi kusa da gaskiya? Kuma shin akwai amfani in ci gaba da riƙe Firefox, ko taurin kai ne kawai?

Tsohon Maginin Shafi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Abin da idonka yake gani a burauza, wato wurin rubuta adireshi da maɓallai da launuka, shi ne rigar. A ƙarƙashinta akwai inji, wanda aikinsa shi ne ya karanta rubutun da aka gina shafi da shi, ya mayar da shi hotuna da kalmomi da akwatunan cikewa a kan allo. Manyan injina uku ne suka rage a yau. Akwai Blink, wanda ke cikin Chrome da Edge da Opera da Brave da Vivaldi da burauzar Samsung, akwai WebKit na Safari, sai Gecko na Firefox. Biyun farko ma 'yan gida ɗaya ne, domin a 2013 ne Google ya cire Blink daga jikin WebKit, shi kuma WebKit kamfanin Apple ya gina shi ne a kan wani inji mai suna KHTML, wanda masu aikin sa kai na KDE, wata ƙungiyar masu gina manhajoji kyauta, suka rubuta.

Amma wannan ba shi ne karo na farko da inji ɗaya ya mamaye fagen ba, kuma a nan ne nake so ka natsu. Tim Berners-Lee ya rubuta burauza ta farko a 1990 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. A 1993 Mosaic ta fito daga Jami'ar Illinois, ita ce ta jawo hankalin jama'a saboda tana nuna hoto a cikin rubutu kuma ba ta da wuyar sakawa. Marc Andreessen, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina ta, ya shiga cikin kafa Netscape, wanda ya fitar da burauzarsa a 1994, kuma cikin ɗan lokaci ta zama ita ce ƙofar da mafi yawan mutane ke shiga yanar gizo ta cikinta. A 1995 Microsoft ya fito da Internet Explorer, daga baya kuma ya ɗinke ta a jikin Windows, ta yadda duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita a ciki ba tare da ya nema ba. Netscape yana sayar wa kamfanoni burauzarsa ne ya samu kuɗi, don haka ba shi da ƙarfin gasa da wanda ke ba da tasa kyauta, a kan babbar manhajar da shi ne mai ita. A 1998 gwamnatin Amurka da jihohi 20 suka kai Microsoft kotu. A 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin rabawar, duk da ta amince cewa kamfanin ya karya dokar hana babakere. Kafin shari'ar ta ƙare, Netscape ya riga ya faɗi, kamfanin intanet na AOL ya saye shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga tambayarka. Internet Explorer ta kai matsayin da fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga yanar gizo da ita suke amfani. An fitar da zubi na shida a 2001, kuma ba a fitar da na bakwai ba sai a 2006. Shekaru biyar ke nan abin da kusan duniya duka ta dogara da shi yana tsaye wuri ɗaya, saboda babu abokin gasa da zai tilasta a gyara shi. Masu gina shafuka a wancan zamani sun daina duba abin da ƙa'ida ta tanada, sun koma duba abin da wannan burauza ɗaya take karɓa, har da kurakuranta. Abin da ya ɓalle wannan ƙulli shi ne, kafin Netscape ya faɗi ya saki tushen manhajarsa ga jama'a a 1998, daga nan aikin Mozilla ya tsiro, Firefox ta fito a 2004. Chrome ta zo a 2008, kuma a ganina ta ci kasuwa da haƙƙinta a farkon lamari, domin ta fi sauri, kuma idan shafi ɗaya ya maƙale ba ya kayar da sauran. Opera ta ajiye injinta a 2013, Microsoft ya ajiye nasa ya fitar da Edge a 2020 a kan Chromium, wato buɗaɗɗiyar manhajar Google mai ɗauke da injin Blink wadda aka gina Chrome a kanta, aka yi wa Internet Explorer ritaya a 2022.

Saƙon da wancan shafi ya nuna maka, mun taɓa ganin irinsa shekaru ashirin da suka wuce, sunan burauzar ne kawai ya canza. Ni dai ina ganin abin damuwa ne.

Ɗalibar Tarihi ta amsa:

Malam, na amfana da wannan bayani ƙwarai, kuma ba ni da ja a kan tarihin da ka kawo. Sai dai ina so in kare ɗaya ɓangaren, domin ina ganin misalin ma'auni da mai tambaya ya kawo ya fi ƙarfi fiye da yadda ka ɗauke shi. Misalin da ya fi kusa a wurina shi ne faɗin layin dogo.

Lokacin da aka fara shimfiɗa layukan jirgin ƙasa a Ingila, George Stephenson ya yi amfani da faɗin da ya kai milimita 1,435 tsakanin ƙarafan biyu. Isambard Kingdom Brunel, injiniyan layin Great Western, ya zaɓi faɗin da ya haura mita biyu, bisa hujjar cewa jirgi zai fi gudu kuma ya fi zama daram a kansa. Hujjarsa ba ta banza ba ce, domin a gwajin da aka yi jiragensa sun nuna sun fi sauri. Amma duk inda layukan biyu suka haɗu, kamar a garin Gloucester, dole a sauke fasinjoji da kaya daga wannan jirgi a loda su a wancan, kaya su lalace, lokaci ya ɓace. A 1846 majalisar dokoki ta zaɓi na Stephenson a matsayin ma'aunin sababbin layuka, babban dalili kuwa shi ne an riga an shimfiɗa shi a wurare da yawa fiye da ɗayan. Sai a 1892 aka cire ragowar faffaɗan layin. Ostireliya ba ta yi wannan haɗin da wuri ba, kowane yanki ya zaɓi nasa, sakamakon haka matafiyi tsakanin Sidni da Melbon sai ya canza jirgi a Albury, har zuwa 1962.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, wani lokaci wanda ya fi kyau ba shi ne ke yin nasara ba, kuma duk da haka haɗuwa a kan abu ɗaya ta fi alheri fiye da rarrabuwa. Mai gina shafi wanda ba shi da ma'aikata da yawa, idan zai gwada aikinsa a kan inji biyar, lokacin da ya kamata ya kashe wajen inganta shafin ne yake tafiya a wannan gwaji. Sannan akwai bambanci babba tsakanin jiya da yau wanda bai kamata a tsallake shi ba. Internet Explorer a rufe take, babu mai ganin abin da ke cikinta sai mai ita. Chromium kuwa a buɗe yake, kowa yana iya karanta shi, ya ɗauka ya gina tasa burauzar, shi ya sa ma Brave da Vivaldi suka samu damar wanzuwa ba tare da sun fara daga tushe ba. Injiniyoyin Microsoft da na wasu kamfanoni suna zuba aikinsu a ciki. Ban ga yadda za a kira wannan daula mai haɗiye maƙwabta ba, alhali ƙofarta a buɗe take ga mai son shiga da mai son fita.

Malamin Lissafi ya amsa:

Malama, misalinki mai kyau ne, amma ina ganin idan aka bi shi zuwa ƙarshe, Malam Tsohon Magini yake goya wa baya. Abin da majalisar Ingila ta ƙayyade a 1846 lamba ce a rubuce, wato nisan da ke tsakanin ƙarafa biyu. Ba ta ce kamfani ɗaya ne zai ƙera dukkan kawunan jirage da taragu ba. Kowane maƙeri yana da damar ƙera nasa jirgin, in dai ƙafafunsa sun hau wannan faɗi, kuma babu maƙerin da zai tashi da safe ya ƙara wa layin yatsa biyu don ya dace da sabon jirginsa. A yanar gizo, abin da ya yi daidai da faɗin layi shi ne ƙa'idojin HTML da CSS da JavaScript, wato harsunan da ake gina shafuka da su, waɗanda ƙungiyoyi irin su W3C, da Berners-Lee ya kafa a 1994, suke rubutawa a fili. Injina su ne jiragen. Haɗuwa a kan ƙa'ida ɗaya ita ce alherin da kike magana a kai, kuma mun riga mun same ta. Haɗuwa a kan inji ɗaya wani abu ne daban, domin idan inji ɗaya ne ya rage, duk abin da ya yi shi ne ƙa'ida, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Amfanin inji na biyu shi ne, idan aka rubuta ƙa'ida mutane biyu da ba su haɗa baki ba suka gina ta, sai a gane inda rubutun yake da gurɓi ko harshen damo.

Game da cewa Chromium a buɗe yake, gaskiya ne, kuma ina daraja hakan. Amma buɗe karatu daban, riƙe linzami daban. Mafi yawan injiniyoyin da ke yanke shawarar abin da zai shiga da abin da zai fita ma'aikatan kamfani ɗaya ne, kamfanin da mafi yawan kuɗin shigarsa daga talla yake fitowa. Mun ga misali a 'yan shekarun nan, lokacin da Google ya canza tsarin ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza zuwa wanda ake kira Manifest V3. Kamfanin ya ce ya yi ne domin tsaro da sauri, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda irin waɗannan manhajoji sun sha zama hanyar satar bayanan mutane. Amma sakamakon shi ne cikakkiyar uBlock Origin, wadda miliyoyin mutane ke toshe talla da ita, ta daina aiki a Chrome, alhali tana aiki a Firefox. Ƙaramin kamfanin da ya gina burauzarsa a kan Chromium yana iya ƙin bin wani canji na ɗan lokaci, amma kullum tazara tsakaninsa da uwar manhajar tana ƙaruwa, ɗawainiyar kula da bambancin tana yi masa nauyi. Ƙofar fita a buɗe take kamar yadda kika ce, sai dai gina inji da kula da shi aiki ne da Microsoft da kansa ya duba ya ajiye.

Akwai darasi biyu daga tarihin intanet ɗin kansa da nake so in ƙara. A farkon shekarun 1990 yanar gizo tana da kishiya mai suna Gopher, daga Jami'ar Minnesota, wadda a lokacin ta fi ta karɓuwa a wurare da yawa. A Fabrairun 1993 jami'ar ta sanar da cewa za ta riƙa karɓar kuɗin lasisi daga masu amfani da manhajarta don kasuwanci. A ranar 30 ga Afrilun wannan shekara, CERN ta sanar da cewa ta saki fasahar yanar gizo ga kowa, babu kuɗi babu sharaɗi. Akwai wasu dalilai da suka sa Gopher ta dusashe, amma mutane sun fi sakin jiki su yi gini a filin da suka tabbatar babu mai zuwa ya ce nasa ne. Darasi na biyu daga Koriya ta Kudu yake. Daga ƙarshen shekarun 1990 ƙasar ta ɗora harkar banki da sayayya ta intanet a kan wani tsarin tsaro nata, wanda a aikace ake tafiyar da shi ta ActiveX, fasahar da a Internet Explorer kaɗai take aiki. Ƙasar da take cikin masu saurin intanet a duniya ta ɗaure kanta da burauza ɗaya fiye da shekaru goma, kuma kwance wannan ɗauri ya ɗauki gwamnati da bankuna shekaru, bayan sauran duniya ta riga ta wuce.

Ɗalibar Tarihi ta sake amsawa:

Na karɓi gyara a kan bambancin ƙa'ida da inji, Malam, domin na haɗa abubuwa biyu da bai kamata a haɗa su ba. Amma har yanzu ban yarda cewa yanayin yau daidai yake da na 2001 ba. Laifin wancan zamani tsayawa ne wuri ɗaya, Chrome kuwa kusan kowane wata sabon zubi take fitarwa. Idan akwai haɗari yanzu, to na gudu ne, wato mai inji ya riƙa ƙara sababbin abubuwa da saurin da sauran ba za su iya cim masa ba, masu gina shafuka su bi shi, sauran injina su zama kamar su ne suka lalace. Ina zargin abin da ya faru da mai tambaya ke nan. Kuma kada mu manta da Apple, wanda ya daɗe yana tilasta wa kowace burauza a kan iPhone ta yi amfani da WebKit, har sai da dokar Tarayyar Turai ta sa ya sassauta a yankinta a 2024. Wannan tilas ɗin abin suka ne, amma kuma shi ne ya sa masu gina shafuka ba su iya yin watsi da inji na biyu ba.

Tsohon Maginin Shafi ya sake amsawa:

Wannan magana ta ƙarshe ta Malama daidai ce, kuma ita ce ta sa lamarin yake da wuyar yanke hukunci. Zan ƙara abu ɗaya domin kada mai tambaya ya ɗauka Firefox tana tsaye ne da ƙafafunta gaba ɗaya. Mafi yawan kuɗin shigar Mozilla, mai Firefox, daga Google yake zuwa, a matsayin ladan sanya shi ya zama wurin bincike na farko a cikin burauzar. Apple ma yana karɓar irin wannan kuɗi, wanda bayanan kotu suka nuna ya kai kimanin dala biliyan 20 a 2022. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya riƙe babakerensa a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa wa doka, kuma waɗannan yarjejeniyoyi suna tsakiyar shari'ar. Ka ga ke nan duk hukuncin da zai datse wannan kuɗi, Firefox na cikin waɗanda zai fara taɓawa. Kotu tana da tasiri, amma tafiyarta a hankali take. Tarayyar Turai ta sa Microsoft ya riƙa nuna wa masu Windows allon zaɓen burauza daga 2010, har ta ci shi tarar Yuro miliyan 561 a 2013 saboda allon ya ɓace daga wani zubi na Windows, amma a lokacin kasuwa ta riga ta juya da kanta.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ba taurin kai ba ne. Masu shafuka suna duba ƙididdigar burauzar da baƙinsu ke shigowa da ita, kuma da wannan ƙididdiga suke yanke shawarar inda za su gwada aikinsu. Rabon Firefox a duniya yanzu bai kai kashi 5 cikin 100 ba, don haka kowane mutum da ya rage yana da nauyi a wannan lissafi. Shawarata ita ce ka riƙe ta don aikinka na yau da kullum, ka ajiye wata mai injin Blink a gefe saboda shafin da ya ƙi buɗewa, domin bai kamata takardarka ta maƙale saboda ra'ayi ba. Sannan ka rubuta wa masu wancan shafi ka gaya musu abin da ya faru, da sunan burauzarka da lambar zubinta da matakin da aikin ya tsaya. Sau da yawa gyaran layi ɗaya ne ko biyu, ba su yi ba ne kawai saboda babu wanda ya sanar da su.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Na rubuta wa masu shafin kamar yadda Malam ya ba da shawara, na haɗa da hoton saƙon da ya fito mini. Bambancin ƙa'ida da inji shi ne abin da na rasa tun farko, shi ya sa misalaina biyu suka yi ta karo da juna a kaina. Wata tambayar kuma ta taso mini daga maganar Malamin Lissafi: idan Microsoft da duk ƙarfinsa ya ajiye injinsa, me ya sa gina inji ya yi nauyi haka, alhali mutum ɗaya ne ya rubuta burauza ta farko a 1990? Ina roƙon wanda ya taɓa duba cikin ɗaya daga cikin injinan nan ya bayyana mana ɓangaren da ya fi cin aiki.